Zango na biyu: rabin zuciya na yabo, rabi na tsaki

Filin tambayoyin masu karatu kan fim da tele. Amsoshin daga teburinmu na fina-finai suke, inda marubutan labarin fim da masu tace hoto da sauti suke haɗa kai. Wanda bai kalli zango na biyu na The Night Agent ba ya sani, amsa ta farko za ta tona masa wasu abubuwan.

Tambaya: Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri. A fadarmu, bayan isha'i, in an ɗora shayi mukan jingine waya jikin gwangwanin sukari mu kalli fim mai dogon zango. Zangon farko na The Night Agent cikin dare uku muka cinye shi, har shayi na uku yakan huce ba wanda ya tuna da shi. Na biyu kuwa ya bar ni rabi da rabi. Faɗan ya fi zafi, garuruwa sun fi yawa, kuma labarin yarinyar nan Nur ta ofishin jakadancin Iran ya taɓa ni ƙwarai. Amma daga tsakiya na rasa wa ke bin wa, mugayen sun yi yawa, Roz kuma ban ga abin da ya dawo da ita ba. Ƴan fada sun rabu biyu, wasu na cewa ya fi na farko, wasu na cewa an tsinka shi da ruwa. Ni ne ban iya kallo ba, ko fim ɗin ne ya sauka? *Mai karatu, unguwar Zariya, Maradi.*

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kallonka lafiya lau yake. Abin da ka ji a ranka yana da dalilai, kuma galibinsu daga ginin labarin suke, ƴan wasan sun yi nasu.

Zangon farko, wanda Netflix ta saki a watan Maris na 2023, daga littafi aka ɗauko shi, littafin da aka buga a 2019. Labarin da ya fito daga littafi yana zuwa da ƙashin bayansa, an san inda ya faro, an san inda zai tsaya. Zangon farko ya cinye littafin tas. Na biyu, wanda ya fito a Janairun 2025, marubuta ne suka zauna suka haƙa masa sabon harsashi.

Dubi abin da ya riƙe ku dare uku. Tambaya ɗaya tak ce: wane ne maci amanar da ke kusa da shugabar ƙasar Amurka? Duk harbi, duk gudu, duk ƙaryar da aka yi, wannan tambayar suke yi wa aiki. Sannan Pita, jarumin fim ɗin, ƙaramin ma'aikacin FBI ne da aka ajiye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa yana gadin wayar da ba ta ƙara. Abin da bai sani ba kai ma ba ka sani ba, tare kuke ganowa. Kusan komai kuma a kewayen Washinton yake faruwa, babu wurin ɓuya mai nisa. Da aka kammala labarin a kashi na goma, an biya bashin da ke tsakaninku da fim ɗin.

A zango na biyu Pita ya zama ɗan leƙen asiri na sosai, da horo da uwargijiya mai ba shi umurni. Mai kallo ba ya jin tsoro a kan gwani kamar yadda yake ji a kan ɗan koyo. Marubuta sun san haka, sai su kumbura haɗarin don cike gurbin: makami mai guba, tsohon shirin sirri mai suna Foxglove, barazana ga ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a Niyok. Matsalar ita ce, dubban mutanen da ba ka san fuskarsu ba ba su kama zuciya kamar mutum ɗaya da ka san sunan mahaifiyarsa. Shi ya sa Nur ta zauna maka a rai, gubar kuwa ta wuce ka.

Batun rikicewa kuwa lissafi ne. Kashi goma, kowanne kusan minti 50, minti 500 ke nan. A zangon farko igiya ɗaya ce babba, da ƙanana biyu ko uku da ke komawa jikinta. A na biyu ka ƙirga: neman wanda ya fallasa aikin sirrin da su Pita suka je yi a birnin Bankok, labarin Nur da iyalinta a Iran, iyalin Bala da gubarsu, Monro dillalin asirai, sai Pita da Roz. Igiya biyar. In aka raba daidai, kowace tana samun kamar minti goma a kashi ɗaya. Minti goma ba su isa a san mugu a ji tsoronsa ba. Ana nuna shi, ana barinsa, kafin a dawo kansa ka manta ɗan wa ne shi, kuma wa yake yi wa aiki.

Akwai wani abu da ya ƙara. Tun kafin zango na biyu ya fito aka sanar da za a yi na uku. Marubucin da ya san yana da gobe yakan ɓoye mafi kyawun mugunsa. Monro shi ne wanda ya fi kowa haɗari a labarin, amma an ajiye hisabinsa don gaba, aka ba ku waɗanda za a iya gamawa da su yanzu. Zangon da ya zama gada tsakanin biyu yakan bar mai kallo kamar wanda ya ci tuwo aka ce miya sai gobe.

Zancen Roz gaskiyarka ne, ko da ba duka ba. Masu rubutu suna da gwaji mai sauƙi: cire mutum daga labarin ka ga ko zai rushe. A zangon farko in ka cire Roz babu fim, ita ce shaidar da ake farauta, ita ta buga wayar. A na biyu in ka cire ta, labarin zai ɗingisa amma zai isa. An riƙe ta ne don ƙwarewarta a kwamfuta, kuma don ta zama mai tuna wa Pita cewa mutanen da yake amfani da su mutane ne. Aiki na biyun yana da daraja, sai dai an daɗe kafin a ba ta shi.

Inda za mu tsaya wa masu cewa ya fi na farko shi ne kan Nur. Masana harkar leƙen asiri sukan ce ta ƙofa huɗu ake shigar mutum har ya sayar da sirrin gidansu: kuɗi, aƙida, tilasci, ko son a san da shi. Nur ba kuɗi take nema ba, so take a fitar da mahaifiyarta da ɗan'uwanta daga Iran, kuma wannan bukatar ita ce linzamin da aka riƙe ta da shi. Aikin fitar da su ya ɓaci, ɗan'uwan ya mutu, aka ɓoye mata don ta ci gaba da kawo takardu. Wannan shi ne ainihin sana'ar. Yawancinta zama ne da mutum, da alkawari, da jira, da ƙaryar da ake yi wa wanda ya amince da kai. Zangon farko gudu ne mai daɗi, bai taɓa sa ka ji kunyar jarumin ba. Na biyu ya sa, kuma mu a wurinmu wannan ci gaba ne, ko da sauran ginin bai kai ba.

Kada a manta da tazara. Wata 22 ne tsakanin zangunan biyu, kuma a cikinsu marubutan fim na Amurka sun yi yajin aiki na kwana 148 a 2023, ƴan wasa ma suka yi nasu na kwana 118. Wanda ya dawo bayan kusan shekara biyu ya manta rabin abin da ake zaton yana tune da shi.

In fada za ta maimaita, ku fara da kashi na goma na zangon farko. Ku tsaya a kashi biyu kowane dare, huɗu sun yi yawa ga labari mai igiya biyar. Mutum ɗaya ya riƙe takarda ya rubuta sunayen ɓangarorin nan biyar, bayan kowane kashi a tambaya: wa ke neman me, wa ya san abin da wani bai sani ba, me ya sauya daga farkon kashin zuwa ƙarshensa? Kashin da aka rasa amsar tambaya ta uku a kansa, cike gurbi ne, kuma za ku ga ba su kai yawan da kuke zato ba.

Tambaya: Ni a memori aka tura mani zango na biyun. Wuraren dare baƙi ƙirin nake gani, maganar ƙasa-ƙasa amma harbi kamar zai fasa waya. Akwai wurare da yawa da suke wani yare babu rubutu a ƙasa. Da na samo rubutun fassarar Faransanci kuma, da farko yana daidai, can gaba sai ya riga magana. Ina gyaran yake? *Ɗaliba, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo.*

Amsa: Malama, matsala huɗu ce daban-daban, kuma ta uku ta fi muni. Yaren da kike ji Farisanci ne, kuma kusan duk abin da ke faruwa tsakanin Nur da mutanen ofishinsu da iyalinta da shi ake yi. A kwafin asali akwai wani rubutu na musamman da ke fitowa da kansa duk lokacin da aka bar Turanci. Kwafin da ke yawo daga waya zuwa waya sau da yawa an yar da shi a hanya. Wanda ya kalli zangon babu wannan rubutun ya rasa mafi kyawun abin da ke cikinsa, kuma muna kyautata zaton wasu masu tsakin daga nan nasu ya samo asali. Buɗe jerin rubutun fassara a cikin manhajar kallo, ki zaɓi cikakke wanda ke fassara kowace magana.

Duhun kuwa daga matse fim ne. Idan aka danne kashi na minti 50 ya koma mega 100 ko ƙasa, abin da injin matsewa yake fara zubarwa shi ne bambancin da ke tsakanin baƙi da baƙi-baƙi, fim ɗin leƙen asiri kuma rabinsa a dare yake. Ƙara hasken waya ba zai dawo da abin da aka zubar ba. A Netflix kanta, ƙaramin mataki yana cin kusan jiga 0.3 a awa, matsakaici 0.7, mai tsabta sosai har jiga 3. Zangon duka ya haura awa takwas, wato kamar jiga biyu da rabi a ƙarami, kusan shida a matsakaici. Matsakaicin ya wadatar a waya. Sauke shi tun da kuran, ki kalla a ɗaki mai duhu.

Sautin an shirya shi ne don lasifika shida, kuma magana tana fita ta guda ɗaya, ta tsakiya. In aka cusa shidan cikin lasifikar waya, harbi da kiɗa sukan danne magana. Ki duba ko akwai zaɓin sauti na lasifika biyu, in babu ki sa abin kunne.

Rubutun da ke zamewa iri biyu ne. In tazarar ɗaya ce daga farko har ƙarshe, a manhajar kallo ta VLC a kwamfuta maɓallin G da H suna ja da shi baya ko gaba, kowace dannawa kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa. In kuwa tazarar ƙaruwa take yi, kamar naki, to an yi rubutun ne don kwafi mai hoto 25 a daƙiƙa, naki kuma 23.976 ne. Bambancin ya ɗan haura kashi 4 cikin ɗari, a minti 50 ya kai minti biyu. Dannawa ba ta gyara wannan, sai an samo rubutun da ya dace da kwafin.

Tambaya: Gaskiya ne ana iya gano inda mutum yake da wayarsa kamar yadda suke yi a fim? In na sauya sim na ɓace? Bindigar nan mai bututu kuma da gaske ba ta ƙara? *Ɗan kabu-kabu, Bagalam.*

Amsa: Ana iyawa, ɗan'uwa, amma ba da ɗigon ja mai tafiya a kan taswira kamar na fim ba. Muddin waya tana kunne tana magana da eriyar da ke kusa da ita, kamfanin kuma yana da rajistar wace eriya ce. A cikin gari, inda eriyoyi suke kusa da juna, wannan yakan nuna yanki na ƴan ɗaruruwan mitoci. A ƙauye yakan zama kilomitoci. Wanda ke kai wa ƴan mitoci shi ne GPS, shi kuma sai in wata manhaja a cikin wayar tana aika shi. Abin nan da ake yi a fina-finai na a ja mutum da zance har minti ɗaya kafin a gano shi, saura ne daga zamanin tarho mai igiya. Yanzu da kira ya shiga rajista ta ɗauka.

Sauya sim ba ya ɓatar da kai. Kowace waya tana da lambarta mai alƙaluma 15, ana ce mata IMEI. Danna *#06# za ka gan ta, mai sim biyu lamba biyu za ta nuna. Sabon sim a tsohuwar waya yana fita ne da tsohuwar lambar. Ka rubuta taka ka adana a gida, ranar da waya ta ɓata ita za a fara tambayarka a wurin ƴan sanda.

Bututun bindiga rage ƙara yake yi, ba ya kashe ta. Ƙarar ƙaramar bindiga tana kusan desibel 160, bututun yana cire tsakanin 20 da 35. Abin da ya saura ya fi ƙarar injin niƙa nesa ba kusa ba, maƙwabta za su ji. Haka ma hoton kyamara da ya dushe a ce an jawo shi har lambar mota ta fito tar: abin da kyamara ba ta ɗauka ba, babu kwamfutar da za ta dawo da shi, sai dai ta yi kintace.

Tambaya: Yarana na ƴan shekara 11 da 13 sun matsa sai sun kalla tare da yayyensu. Ya dace? *Magidanci, babbar kasuwar Maradi.*

Amsa: Alhaji, bai dace ba. A Amurka kanta an sa shi a rukunin manya, na ƴan shekara 17 zuwa sama, saboda kisa a fili, azabtarwa da zagi. A zango na biyu akwai wuraren da ake nuna aikin guba a jikin mutum. In gidan da Netflix ake kallo, a buɗe wa yara nasu sashen, a kulle na manya da lamba huɗu. In ta memori ne, babu makulli sai idon yayyen, su za a ja wa kunne.

Tambaya: Ina rubuta fim na leƙen asiri da Hausa, a Maradi zai faru. Yaya zan yi kada zango na biyu ya faɗi irin wannan faɗuwar? *Matashin marubuci, Sabon Gari.*

Amsa: Ƙanenmu, Allah ya taimaka. Gyaran zango na biyu a cikin na farko ake yin sa. Kafin ka rubuta fitowa ta ɗaya, rubuta tambayar zangon farko a jimla guda, ka rubuta ta na biyu a ƙarƙashinta. Sharaɗin shi ne ta biyun ta fito daga amsar ta farkon. Misali, in zangon farko yana neman wanda ke sayar da sirrin ayarin motocin kaya, amsar kuma ta zama ɗan'uwan jarumin ne, to zango na biyu ya riga ya samu: zai miƙa shi ko zai rufa masa? Ba ka bukatar sabon mugu daga wata ƙasa.

In ka zo ƙara haɗari, ƙara kusancinsa da jarumin. Kada ka tashi daga ceton mutum ɗaya zuwa ceton duniya, kuɗin aikinka ba zai ɗauka ba, zuciyar mai kallo ma haka. Igiya uku sun isa zango mai kashi goma, sabbin manyan fuskoki kada su wuce uku, kuma kowanne ya haɗu da jarumin ido da ido kafin kashi na uku ya ƙare. Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo, kashi na minti 40 shafi 40 ke nan. Rubuta kowace fitowa a ƙaramar takarda, kowace igiya da launinta, ka jera su a tabarma. Launin da ya ɓace kashi biyu a jere, mai kallo ya manta da shi.

Riƙe littafi ɗaya na wa ya san me, kuma tun yaushe. A nan fina-finan leƙen asiri suka fi yin tuntuɓe: mutum ya yi aiki da labarin da ba a taɓa gaya masa ba, ƴan kallo kuwa suna kamawa.

Kayan aiki kuma suna ƙofar gidanka. Hanyar Maradi zuwa Ɗan Isa, Jibiya har Katsina ba ta kai kilomita 100 ba, kuma a kanta akwai dillali, direba, ɗan canji, mai shayi a tasha, mutanen da sana'arsu ji da riƙe magana ce. In tarihi kake so, zaman doya da manja tsakanin Katsinawan Maradi da daular Sakkwato a ƙarni na 19 fili ne mai faɗi, inda fatake da manzanni ke ƙetare iyaka da labari a baki. Ka sanya hannu da manyan ƴan wasanka a kan zango biyu tun farko, ka kuma ɗauki hoton kayan da kowa ya sa a fitowar ƙarshe ka adana, don ranar da za a ci gaba daga inda aka tsaya.